Tagar Alli

Shafi na 17

Masu tsaye a kaina tun jiya, ku samu wuri ku zauna, ga shi na kawo. Yau ce ranar da 'yan jami'a za su ƙaddamar da rahotonsu a kan yara kurame, kuma akwai wadda ta taho ba a gayyace ta ba.

* * *

Auta ne ya fara isa ɗakin taron, tun masu shara ba su gama ba.

A gida ake ce masa Auta, don shi ne na ƙarshe a wurin Umma. A nan cibiyar da ke binciken daidaito a ilimi kuwa Dakta suke kiransa, duk da digirin nasa bai gama nuna ba.

Ya kunna majigi don ya gwada. Haske ya ratsa saman kujeru ya sauka a kan farin yadin da aka saki a gaba, sai ga hoton da ke bangon rahoton ya fito ƙato: taga ce, zanen alli, a jikin baƙin gini.

Ya koma kujerar baya ya zauna yana kallonta.

Tun yana yaro haka yake. In ya ƙura wa abu ido, sai abin ya fara motsi. Tagar ta buɗe a hankali, labule ya kaɗa, sai ga tsakar gidansu ta da can, ga Umma zaune a bakin ƙofa da hantsi, hannuwanta na tashi suna sauka kamar tantabaru. Zazzaɓi ne ya ɗauke mata ji tun yana rarrafe. Yayarsa ce ta fara koyon yi mata magana da hannu, shi kuma ya taso ya tarar da gidan a haka. Ya iya cewa ruwa da yatsu kafin ya iya da baki.

"Dakta! Kana nan ko ka yi gaba?"

Tagar ta rufe.

Abokin aikinsa ne, masanin ƙididdiga na cibiyar, wanda kowa ke kira Kashi-cikin-ɗari saboda ko gaisuwa ba ya amsawa sai da alƙaluma. Ya dire kwalin rahoto a kan tebur yana haki.

"Ina nan mana."

"Kashi ashirin ɗinka na nan. Sauran ya tafi yawo." Ya share gumi. "Wata mata na bakin ƙofa, wai Auta take nema. Na ce mata Hajiya, nan babu auta, duk manya ne."

Auta ya juya ga ƙofa.

Kafin ya miƙe har ta shigo.

Yaya ce. Doguwa, jaka a hammata, ƙurar alli a hannun rigarta kamar kullum. Ita ce malamar da rahoton ya jingina da labarinta, wadda suka ɓoye a cikinsa da sunan Malama Wance. Kuma duk cibiyar babu wanda ya san uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

"Yaya…"

"Au, ka gane ni? Na ɗauka na koma Malama Wance."

Kashi-cikin-ɗari ya dubi wannan, ya dubi waccan, nan take ya tuna ya bar wani kwalin a mota.

Yaya ta je ta tsaya gaban hoton, hasken majigi a rabin fuskarta.

"Wa ya zana wannan?"

"Wani mai zane muka ba."

"Bai iya ba. Tagata ba ta da ƙarfe." Ta juyo. "An rufe ajin, Auta."

"An rufe? Wa ya rufe?"

"Darakta na ma'aikatar ilimi. Da kansa ya zo jiya, bayan an tashi yara sun watse. Ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu, ya shiga mota."



Auta ya san ajin kamar yunwar cikinsa. Wani sito ne a ƙarƙashin matakalar bene, babu taga ko ɗaya. A ƙa'ida, yaro kurma makarantar kwana ta musamman ake kai shi, ita kuwa tana da nisa, kuma ta cika tuntuni. Hedimasta ne ya tausaya ya ba Yaya siton, ya ce ki yi shiru mu yi shiru. Don kada yaran su ga kamar a rami aka jefa su, kullum da safe take zana musu taga a bango, yaro ɗaya ya zaɓi abin da za a hango ta cikinta. Wani ya ce teku. Wani ya ce filin ƙwallo. Akwai wanda ya taɓa cewa akuya a kan keke, kuma ta zana.

"Amma Yaya, mun ɓoye ki. Mun sauya sunanki, mun sauya sunan makarantar, mun rage miki shekaru…"

"Na gode da shekarun."

"…har unguwa muka canza miki."

"Auta, malamai nawa ne a garin nan suke zana taga a bango?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Hedimasta ya ce ko wahalar bincike Darakta bai yi ba. Direbansa ya tambaya. Direba ya ce ai malamar kurame ce ta bayan tasha, har masu faci sun san ta. Kun rufe min fuska, kun bar min hannu a waje."

"Ai na karanta miki wurin kafin a buga. Har hawaye kika yi, kika ce kada in cire."

"Na ce kada ka cire." Ta ja kujera ta zauna, muryarta ta sauka. "Daɗi ne ya ɗebe ni. Ban taɓa jin an rubuta ni ba. Ni ina na san Darakta yana karatu?"

Dariya ta so ƙwace wa Auta.

Su ne ma suka aika wa Darakta rahoton. Haka cibiyar take yi: kafin a ƙaddamar da kowane rahoto, sai a tura wa ma'aikata nata kwafin tukuna, don girmamawa. Auta da hannunsa ya manne ambulan ɗin, har yana jin daɗin yadda takardar ke santsi.

"Da safen nan yaran suka zo," in ji Yaya. "Suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon kwaɗo. Ga shi yau ranar Wushirya ce ta zaɓar taga."

"Wadda kakarta ke kawowa?"

"Ita. Ta ƙofar baya suke shigowa. Tun daga nesa suke sauka daga mota su ƙarasa da ƙafa. Ban san gidansu ba, ban san sunanta na baki ba, Wushirya kawai nake ce mata in ina ba ka labari. Ranar farko tsohuwar ta riƙe min hannu ta ce, 'yar nan ki rufa min asiri, in uban yarinyar ya ji wanda ke fito da ita, ko ƙofar gida ba za ta ƙara gani ba. Na yi mata alƙawari."

Ta murza ƙurar allin da ke rigarta.

"Sauran yaran duk ni na raɗa musu suna da hannu. Ita da nata ta zo daga gida. Kuma duk ranar da zaɓi ya zo kanta, abu ɗaya take so a zana, ba ta taɓa canzawa ba. Yau ta ɗora tafinta a kan kwaɗon, ta juyo ta ce min, Malama, yau babu taga?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce akwai. Na ce ko a bangon wa ne, yau sai na zana miki."

Ta buɗe jaka. Farin alli ne a ciki, sabo, ko kansa ba a taɓa ba.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Takun takalmin nan kowa a cibiyar ya san shi. Farfesa ce, shugabarsu, wadda ɗalibai ke kira Jan Biro a bayan idonta. Kashi-cikin-ɗari na biye da ita, rungume da kwali.

"Dakta, baƙi sun fara isowa, kai kuma kana… Wace ce wannan?"

Yaya ta miƙe ta ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe, ni ce Malama Wance."

Farfesa ta cire tabarau a hankali.

"Dakta, me wadda aka yi hira da ita take yi a nan? Ka san ƙa'ida. Ko ni bai kamata in san fuskarta ba."

"Ba shi ya kira ni ba, ranki ya daɗe. Auta bai isa ya kira ni ba, ni nake kiransa."

"Auta?"

"Ƙanena ne. Ni na goye shi."

Kashi-cikin-ɗari ya sauke kwalinsa ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Farfesa ta daɗe tana kallon Auta. Shi kuwa igiyar takalminsa yake kallo.

"Ka yi hira da yayarka," ta ce. "Ka kawo min ita a takarda kamar ba ka taɓa ganinta ba. Ba ka gaya wa kwamitin ɗa'a ba, ba ka gaya min ba."

"Farfesa, duk malaman da na je wa tsoro suka ji. Ita kaɗai ta yarda ta buɗe baki."

"Wannan ni da kai ne, a ofishina, bayan taro."

"Ranki ya daɗe, in hukunci ne ki bar min shi, na iya a gida," in ji Yaya. "Ni ajina nake so."

Ta sake zayyana komai: kwaɗon, makullin, direban, yaran da suka koma gida da jakunkunansu a rufe.

Farfesa ba ta katse ta ba. Da ta gama, sai ta zaro kwafi ɗaya daga kwali, ta buɗe shafin farko, ta zauna a kujerar da ke kusa.

"Babu layin da ban bi da jan biro ba," ta ce, kusan da kanta take magana. "Na goge sunan titi. Na goge launin rigar makaranta. Hatta bishiyar da ke bakin ƙofa na ce a cire. Da na zo kan tagar nan, sai na rubuta a gefe, kada a taɓa. Ni na ce a sa ta a bangon rahoton."

"Ta yi kyau ai," in ji Yaya. "Duk mun ce ta yi kyau."

"Mu a aikinmu, abin da mutum ya faɗa a hira amana ne, ba a sauya shi. Muka tsaya gadin maganar, muka manta da mai maganar."

Daga waje ana jin ƙarar ƙofofin mota da gaishe-gaishe.

"An ce Darakta na cikin manyan baƙi," in ji Yaya. "Ki ba ni fili in tsaya a gabansa."

"In kika tsaya, kin bayyana kanki."

"Wa ya rage bai san ni ba?"

"Yaran fa? Sunan yaro ko ɗaya ba zai fita a ɗakin nan ba. Wannan ko kuka za ki yi ba zan yarda ba."

"Da baki ba zan kira kowa ba. Da hannu zan kira su. So nake mutumin nan ya san yara ya kulle a waje, ba tsintsiya da bokiti ya kulle a ciki ba. Sunan hannu ne, wa zai gane?"

Farfesa ta juya ga Kashi-cikin-ɗari.

"Cikin waɗanda muka gayyata, akwai mai jin maganar hannu?"

"Sifili cikin ɗari, Farfesa. Sai Dakta, wanda sai yanzu na gano inda ya koya."

Wani abu ya ɗan sosa zuciyar Auta, kamar ya taɓa jin irin wannan tabbacin a bakinsu, kuma bai ƙare da kyau ba. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka turo ƙofa, baƙi suka fara shigowa.

* * *

Ɗakin ya cika. Malaman jami'a, 'yan ƙungiyoyin kare haƙƙi, 'yan jarida da kyamarori, ɗaliban da aka ce in ba su zo ba su kuka da kansu.

Darakta na kujerar gaba, bayan wani ɗan tebur mai kofin ruwa. Dogo ne siriri, furfura a gefen kunnuwa, hannuwansa biyu cikin aljihun kwat. Haka ya shigo, haka ya amsa gaisuwa da ka, haka ya zauna. Ma'aikatansa na cewa ko a hoto ba a taɓa ganin yatsunsa ba.

Aka yi jawabin maraba. Kashi-cikin-ɗari ya hau ya nuna ginshiƙansa masu launi: dogo na yara masu ji da ke makaranta, wani ɗan guntu a gefe na kurame. Auta na zaune kusa da majigi yana sauya hotuna, ginshiƙan suka fara zame masa gidaje, dogaye da gajeru, titi guda, babu mai taga ko ɗaya. Yana ta yawo a titin yana neman ƙofa, sai ya ji muryar Farfesa ta canza.

"Kafin mu ci gaba, akwai abin da ba ya cikin tsarin taro. Rahoton nan ya jawo an rufe ajin da ya yi magana a kansa. Kuskurenmu ne. Ranka ya daɗe Darakta, ko za ka ce wani abu?"



Darakta bai miƙe ba. Ya dai sunkuya ga makirufon da ke gabansa.

"Zan ce. Ɗaki ne a ƙarƙashin bene, ƙofa ɗaya, babu iska. In wuta ta tashi, ta tagar alli za su fita?"

Ya ƙara matsowa ga makirufon.

"Ba shi da rajista. Da ban sani ba, da ban rufe ba. Ku kuka sanar da ni, har da hoto. Tunda na sani, in wani abu ya faru a wuyana yake."

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo shi ne mutumin ba ƙarya yake yi ba.

Yaya ta miƙe daga layin tsakiya.

"To a ba mu ɗaki mai taga."

"Wace ce ke?"

"Ka san ni, ranka ya daɗe. Makullina na aljihunka."

Wasu ɗalibai suka tuntsire da dariya, Farfesa ta waiwaya, dariyar ta mutu.

"Babu ɗaki," in ji Darakta. "Akwai makarantar kwana."

"Ta cika."

"Su jira."

"A ina?"

"A gida."

"A gida," Yaya ta maimaita, tana tahowa gaba. "Auta, kashe wannan fitilar, ka ɗage min yadin nan."

Ya kashe majigi. Ya ja igiya, farin yadin ya naɗe ya yi sama. A bayansa akwai tsohon baƙin allo wanda aka daɗe da mantawa da shi.

Yaya ta ciro allinta.

Layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Wani a gefe. Ta haɗa su, ta raba tsakiya, ta tura murfi ɗaya waje kamar iska ce ta buɗe shi. Babu ƙarfe. Ƙarar allin kaɗai ake ji a ɗakin, ƙis, ƙis, ƙis.

Sai ta shiga cikin tagar.

Titi. Fitilar kan hanya. Mutane na wucewa, wani da keke, wata da jaka. A tsakiyarsu wani dogon mutum da wata 'yar yarinya, suna fuskantar juna, dukkansu hannuwa a sama, yatsu a buɗe.

Auta ya ƙura wa zanen ido, ya fara motsi. Mai keke ya wuce. Rigar yarinyar ta kaɗa. Har yana jin ɗumin rana a titin, irin na hantsin da Umma ke zama a bakin ƙofa.

Yaya ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Wannan ita ce tagar yau. Na yi wa mai ita alƙawari, na cika. Yanzu zan kira ɗalibaina, kamar yadda nake kiransu kowace safiya. Ba za ku gane ba. Ku dai kalla."

Ta maƙale allin a tsakanin yatsun hagu, ta ɗaga hannun dama.

Ta ja kunnenta ta saki. Wannan yaron da ba ya zama wuri ɗaya ne.

Ta shafi gira ta gangaro kunci. Mai tabo ce.

Ta yi yatsu biyu suna gudu a kan hannunta. Mai akuya a kan keke ne.

Tana yi tana ɗan dakatawa bayan kowane suna, kamar mai jiran a ɗaga hannu a ce ga ni. Auta na ganinsu ɗaya bayan ɗaya suna shigowa ta tagar allon, suna zama a ƙasa gaban manyan baƙi da jakunkunansu. Wata 'yar jarida ta sauke kyamara tana share ido, ita ma ba ta san dalili ba.

Sai na ƙarshe.

Yaya ta ɗora ƙaramin yatsa a kan haƙoranta na gaba, sannan ta buɗe tafin ya tashi sama kamar tsuntsu.

Tas!

Kofin ruwan da ke gaban Darakta ne ya faɗi ya fashe.

Kowa ƙasa ya kalla, wurin gilas ɗin. Auta kaɗai ya kalli sama da nan.

Hannun Darakta ya fito daga aljihu.

Ƙaramin yatsa ya taɓa haƙori, tafin ya buɗe ya tashi kamar tsuntsu. Amma shi bai tsaya a nan ba. Ya dawo da tsuntsun a hankali, ya kwantar da shi a ƙirjinsa.

Auta ya tuna maganar Kashi-cikin-ɗari.

Sifili cikin ɗari. Sun sake. A rana ɗaya, a ɗaki ɗaya, sun sake rufe fuska sun bar hannu a waje.

Darakta ya miƙe tsaye. Ɗayan hannun ma ya fito. Bai ce uffan da baki ba, da yatsu ya yi magana, kuma yatsun ba na ɗan koyo ba ne.

"A ina kika samu wannan sunan?"

Yaya ta ja da baya har ta jingina da allo. Ita ma da hannu ta amsa.

"Da shi ta zo."

"Ni na raɗa mata. Ranar da likita ya gaya mana 'yata ba ta ji."

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Tana gida. Kullum na fita tana gida, na dawo tana gida."

Yaya ta sauke hannuwanta.

Ɗakin ya fara guna-guni. Mutane na leƙen juna, kyamarori sun koma kan Darakta. Farfesa ta matso kusa da Auta ta yi ƙasa da murya.

"Dakta, me suke cewa? Fassara mana."

Ya dube ta. Ya dubi 'yan jarida da birukansu a shirye.

"Wannan ba na rahoto ba ne, Farfesa."

Ta koma ta zauna.

Darakta ya taka ta kan fasasshen gilas ya zo gaban allon. Ya daɗe yana kallon dogon mutumin da 'yar yarinyar.

"Ita ta ce a zana wannan?" ya tambaya da hannu.

"Kullum shi take cewa."

"Wane ne mutumin?"

Yaya ta ɗaga hannuwanta.

"Ban taɓa tambayarta ba. Ta dai ce min ya iya magana sosai, har labari yake ba ta. Amma sai a gida. Sai an rufe ƙofa, an saki labule. In suka fito titi, sai hannuwansa su shige aljihu."

Darakta ya dubi hannuwansa.

Ga su a sama, a buɗe, gaban malamai da 'yan jarida da ma'aikatansa, daidai yadda suke a zanen. Kamar sai yanzu ya lura. Auta ya ga ruwa ya taru a idonsa bai zubo ba.

A hankali ya mayar da hannun hagu aljihu. Auta ya ce a ransa shi ke nan, sun koma.

Sai hannun ya sake fitowa.

Makulli ne a cikinsa, ɗan ƙarami, rataye da zare. Ya ɗaga shi yana lilo a gaban tagar allin, kamar a titin zanen yake shawagi, tsakanin mutumin da yarinyar.

Yaya ta miƙa tafinta.

Bai saki ba.

Da hannun dama kaɗai ya yi sauran maganar, a hankali, don kada ta ce ba ta gane ba.

"Zan buɗe. Zan nemo muku ɗaki mai taga ta gaske, gobe ma in kina so."

Makullin ya tsaya da lilo.

"Ki faɗa min wanda yake fito da ita."

Yaya ta dubi makullin.

Ta dubi Auta.

Allin ya karye a hannunta.